Mai Gadin Jakunkuna

Shekara goma sha ɗaya yayata tana gadin jakunkunan mata a cocinmu na Katolika a Mahuta. In aka tashi karɓar Jibin Ubangiji, kowace ta dire mata jakarta a cinya ta shiga layi. Ita ba ta da ikon tashi. Mijinta na fari ya watsar da ita, ta sake aure a kotun gwamnati, a wurin coci kuwa igiyar farko tana nan daram. Abin yana cinta, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Daga baya ta kai maganar kotun coci, ta sa ni cikin shaidu, don ni na haɗa ta da mijin na fari. Ni da mutumin aiki ɗaya muke a masaƙa, a Kakuri.

Na yi shiri sosai. Na cika takarda gaba da baya da laifuffukansa: shan burkutu, zagi, har da keken ɗinkinta da ya sayar. Na sa kaftanin Kirsimeti. Na zaci zan ga alƙali da guduma, sai na tarar da ƙaramin ofis, da fanka mai kuka, da Fada biyu, wato limaman coci, da wata Sista mai rubutu. An ce mini ɗaya Fadan aikinsa kare auren ne. Auren da mai shi ya gudu ya bari har lauya gare shi. Raina ya ɓaci, na ƙi kallonsa.

Na dafa Littafi Mai Tsarki na rantse, na buɗe takardata. Ban kai keken ɗinki ba babban Fada ya ɗaga hannu.

"Malam, nan ba a raba aure. Dubawa muke ko ya ƙullu tun farko. Kafin ranar biki, me ka sani?"

Na ce mutumin banza ne tun fil'azal. Ya ce ba wannan ya tambaya ba.

To, na san wani abu. Ana saura mako biyu biki, muna cin wake a bakin masaƙa, mutumin ya ce mini shi fa ba zai taɓa haihuwa da kowace mace ba, ya gama yanke shawara, kada in gaya mata. Na yi dariya. An riga an ɗinka anko, an ɗaure akuya, danginmu sun kama hanya daga Filato. Na ja bakina, kuma ban sake buɗe shi ba, ko a lokacin da dangin mijin suke kiranta juya a gabana.

Na faɗa musu wannan. Sista ta rubuta, ta karanta mini, na sa hannu.

Abin da ban sani ba, kafin a yanke hukunci ana ba mai ƙara dama ta karanta abin da shaidu suka ce. Ranar da yayata ta karanta, da ta fito daga ofishin ta same ni a ƙarƙashin mangwaro.

"Kai ne ka riƙe mini lema ranar auren," in ji ta. Ta wuce ta tari Keke Napep.

Bayan watanni takarda ta fito: auren farko bai ƙullu ba, tunda mijin ya shige shi da niyyar ƙin haihuwa. Aka sa wa aurenta na yanzu albarka. Lahadin da ya biyo baya muna benci ɗaya. Da aka tashi, ta ajiye jakarta a cinyata ba tare da ta dube ni ba, ta shiga layi. Na zauna da jakar har aka gama.