Rusunawar da ta kusa hana ni shago

Shekara huɗu ina ƙasar waje, ina sayar da jakunkuna da agoguna a kan tebur a bakin titin Fordham Road. Duk lokacin sanyi sai in ce wannan ne na ƙarshe. Ƙafata ta gaji da tsayuwa, idona kullum yana kan shagunan mutane.

Akwai wani dattijo ɗan Jamaika mai gyaran takalma, shagon ya yi masa girma, aka ce zai ba da hayar rabi. Mutum ne mai tsari irin na Turawan Ingila: riga a goge, nektai ko ana zafi, shayi ƙarfe huɗu daidai. Na ce a raina, wannan ai irin tsofaffin ma'aikatan gwamnatinmu ne. Turawa ɗaya suka mulki ƙasarmu da tasu, na san ta inda zan ɓullo masa.

Na je na rusuna, na sunkuyar da kai, na gaishe shi kamar yadda nake gaida ƙanin mahaifina. Ya ce babu wuri. Sau uku ina zuwa, ina ƙara ladabi, yana ƙara ɗaure fuska. Ga sanyi ya matso, ga wani mai sayar da wayoyi ya fara zagayen shagon. Ko ciniki na kasa tsayawa in yi da kyau.

A zuwa na huɗu ya ajiye gudumarsa. Ya ce kakansa a gonar rake ya ƙare rayuwarsa, yana cire hula yana kallon ƙasa idan Bature zai wuce. A wurinsu, wanda ya sunkuya haka, ko dai tsoro yake ji, ko yana ɓoye wani abu.

"Ɗana, ba na zama shago ɗaya da mutumin da ban ga idonsa ba."

Na ce mu tun kafin zuwan Bature muke rusuna wa manya. Ya ce wannan sa'armu ce, su a hannun mai bulala suka koya tun zamanin bauta.

Na ɗago na dube shi. Ji na yi kamar na zagi ubana. Na faɗi abin da zan iya biya, ban kawar da kai ba. Ya miƙo hannu, ya ce in kawo kayana ranar Litinin.

Shekara shida muka yi tare. Da na je gida ganin dangi, ina tsugune ina gaida ƙanin mahaifina, sai na tsinci idona cikin nasa. Sai ya juya ya tambayi matata ko lafiyata ƙalau.