Gwiwata da Agogon Jirgi

Mu mutanen unguwar Nima mun saba da jirgin sama. Ya bi ta kan rufin kwanonmu ya katse mana hira, mu jira ya wuce mu ɗora. Ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba sai da autata ta shiga makarantar koyon tuƙinsa.

Wata ranar hutu ina tsintar wake, ta zauna tana ba ni labarin wani agogo da ke gaban matuƙi, mai nuna tsayin da jirgi ya yi. Na ce ai ƙasa yake leƙowa ya auna ko? Ta yi dariya.

"Maa, ba ya ganin ƙasa kraa, ko kaɗan. Nauyin iska yake ji. In ka yi sama iska ya yi sauƙi, allura ya hau."

"To in iskar ta canza don kanta fa?"

"Shi ya sa masu hasumiyan filin jirgi ke ba mu lamba a rediyo, mu murɗa mu saita. In hadari ya taso nauyin ya faɗi ba ka gyara ba, agogo zai ce kana sama, alhali ka kusa dutse."

Tana faɗa tana tauna gyaɗa, ko a jikinta. Ni na ja tambaya, tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka.

Ranar da za ta tuƙa ita kaɗai zuwa Kumasi, ta kan duwatsun Kwahu, na tashi da ciwon gwiwa. Gwiwar nan tawa ta riga sararin sama sanin ruwa, har matan gidanmu kan tambaye ni kafin su yi shanya. Gari garau, amma tana sara. Na ce shi ke nan, iska ta canza. Waɗancan da ke zaune a hasumiya cikin sanyin na'ura, ina za su ji?

Na kira wayarta, a kashe. Na sayi masa na raba sadaka. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Maƙwabciyata ta ce, "Hajiya, zauna mana, kana sa ni jiri." Ina zama! Na yafa mayafi na tari trotro, motar haya, sai filin jirgi.

Mai gadin ƙofa, wani dattijo mai Hausar unguwar Maamobi, ya tare ni. Na ce ya kai ni wurin masu ba da lamba, in gaya musu su sake aunawa, ga gwiwata shaida. Ya dubi gwiwar, ya dube ni.

"Hajiya, suna da inji mai aunawa, kullum idon su na kai. Gwiwan ki ba ya cikin ma'aikata."

Na ce Allah ya sa ya haifi matuƙi ya ji yadda ake ji. Ya ce amin, ya miƙo mini benci. Ban zauna ba. Ina ta safa da marwa a bakin ƙofa har gabas ta yi baƙi, yayyafi ya sauko. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko ranar haihuwarta. Nan na yanke shawara: in ta sauka lafiya, ta bar musu jirginsu ta hau mota ta dawo, in buɗe mata shago a kasuwar Makola.

Wayata ta yi ƙara.

"Maa, na sauka."

"Kin murɗa?"

"Sun ba ni sabon lamba a hanya, na murɗa."

Na buɗe baki zan kawo zancen shago, ta riga ni.

"Maa, da kin ga Kwahu daga sama! Wallahi sai da na yi waƙa ni kaɗai. Gobe da safe ni zan dawo da jirgin."

Tun da na haife ta ban taɓa jin muryarta da daɗi haka ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Zancen shagon na haɗiye shi, har yau yana nan tsaye a wuyana.