Filafilin Baba a Bangon Falo

Kyaftin ake ce masa a layin masu kayan mota, alhali ko kwale-kwale bai taɓa shiga da son ransa ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne, rigar sitiyari da turaren mota yake sayarwa. Abin hawansa wani tsohon babur ne da sai an tura yake tashi. Amma zauna kusa da shi ka sha cika baki! Wuni yake kansa na cikin waya, yana karanta wa maƙwabta labarin motocin da ƙofofinsu ke buɗewa sama, har da waɗanda ba a ƙera ba tukuna, zane ne kawai. Ya taɓa yin gaba da mai faci saboda gardamar gudun wata mota da ba wanda ya taɓa hawa.

Mahaifinsa aikin fito ya yi duk rayuwarsa, yana haye da mutane kogi, har aka gina gada, daga baya idanunsa suka mutu. Kyaftin kunyar wannan sana'a yake ji. In an tambaye shi sai ya ce tsohon harkar sufuri ya yi. Baban yana ɗakin baya, kuma abin da ya rage masa na ruwa filafilinsa ne kaɗai. Itacen ya yi baƙi, mariƙin ya lotsa daidai yatsunsa. Kowace safiya zai ɗora shi a cinya yana shafawa, da shi kuma yake dogarawa zuwa bayi.

Rannan Kyaftin ya ga hoton garejin wani attajiri: jar mota a tsakiya, bango cike da tsofaffin kayan jirgin ruwa. Shi ke nan ciwo ya tashi, daga nan ma sunan ya bi shi. Ya dinga jido tarkace daga wurin 'yan gwangwan, ƙararrawar tagulla, anga mai tsatsa, kamfas da allurarsa ta maƙale. Teburin karatun yara aka fitar waje don a sami wuri. Matarsa ta ce falon ya koma bola, ko a jikinsa.

Filafili ne kawai babu a bangon. Sai ya faki idon gida, tsohon na barcin rana, ya zare filafilinsa ya ajiye masa sandar ƙarfe. Kafintan da ya kai wa gyara ya nuna masa lotsawar, ya ce sai an ci itacen sosai kafin ta ɓace. Kyaftin ya ce a kankare dauɗar nan duka, a goge da samfefa, a shafa man ƙyalli. Tir da wannan kai.

Tsohon ya lalubi ɗaki har ya gaji. Ya daina fitowa, abinci ma sai an lallaba shi. Matar ta yi magana, Kyaftin ya ce rigimar tsufa ce.

Da aka kawo filafilin yana sheƙi, sai ya gayyato maƙwabtan shago su ga falo. Yanzu fa zama ɗan mai fito abin ado ne, don haka ya riƙo tsohon ya zaunar a gaban baƙi, baki har kunne, ya ɗora masa filafilin a cinya. Yatsun tsohon suka bi mariƙin sama da ƙasa suna neman wurinsu.

"Wannan na waye?"

"Naka ne, Baba. Gyara maka shi na yi."

Tsohon ya miƙo shi da hannu biyu, cikin ladabi, kamar mai tsoron ɓata kayan mutane.

"A'a, ɗana, mayar wa mai shi. Nawa akwai hannuna a jiki. Ka taimaka ka nemo mini."

Mai faci ya sunkuyar da kai, sauran suka fara neman takalmansu. Kyaftin ya rataye filafilin saman ƙararrawa, har da ja da baya ya duba ko ya karkace. Har yau yana nan a bangon, kuma kowace safiya tsohon yana tambayar surukarsa ko an ga nasa.