Autanmu, Wanda Duniya Ta Sani da Ƙwaƙwalwa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Larabar da ta gabata, da la'asar, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autan gidanmu, a gadon asibiti, bayan ciwon ƙoda da ya daɗe yana cinsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyu, ya bar ni yayarsa da wani takaici da na rasa inda zan sauke shi.

Auta, tun ba a dawo daga binne ka ba gidan talabijin da ka yi wa aiki kana yaro ya sa sanarwa. Ba su nemi hotonka na yanzu ba, mai gemu da furfurar da ta fito maka da wuri. Hoton yaro ɗan shekara tara suka ɗauko, cikin riga mai walƙiya da ƙaton tabarau, suka rubuta a ƙasa: "Ƙwaƙwalwa ya rasu."

Ga wanda bai sani ba, Ƙwaƙwalwa shi ne yaron cikin wani wasan talabijin na masu tafiya sararin samaniya. Kowane mako injin kumbo zai lalace, manya su rikice, sai yaron ya gyara tabarau ya zuba lissafi kamar rediyo, ya ceci kowa. Ba shi da uwa a shirin, ba shi da aboki. Ba a taɓa nuna shi yana cin abinci ko yana dariya ba.

Ni nake raka ka wurin ɗaukar shirin, domin Umma ba ta iya barin shagonta. Na ga kumbon da idona: katako ne aka shafa wa fenti, maɓallansa murafen kwalba. A mota nake biya maka kalmomin da za ka faɗa, ba ka san ma'anarsu ba, ni ma haka. Wata rana ka ja hannun darakta ka ce, "Kawu, yau a bari in ce ban sani ba mana. Sau ɗaya kawai." Ya yi dariya ya ce, "In ka ce ba ka sani ba, mu me za mu sayar?" Ranar da kyanwarka ta mutu ka je da jajayen idanu. Aka sa mai kwalliya ta shafe maka fuska da hoda, aka ce Ƙwaƙwalwa ba ya kuka.

Su sun yi wasansu, kai ka kwashi kashinka a hannu. A makaranta lissafi ne ya fi ba ka wuya. Malami zai tsayar da kai gaban allo ya ce, "Kai da ke gyara kumbo, 'yar wannan rabawar ta gagare ka?" Aji ya kwashe da dariya. A kan titi kuma iyaye na nuna ka ga 'ya'yansu suna cewa, "Dubi ɗan mutane!" Yaran suka tsane ka saboda hazaƙar da ba taka ba ce. Da muryarka ta fara buɗewa aka sallame ka, aka ɗora wa wani yaron tabarau ɗin nan, wasa ya ci gaba.

Abin da ka yi da rayuwarka bayan nan shi ne abin da ba su sa a sanarwa ba. Ka zama malamin yaran da makarantu suka yi wa laƙabi da daƙiƙai. Ɗakin bayan gidanka, mai gajeren tebur da fankar nan mai ƙara, ya ga yara da yawa sun karanta layinsu na farko. Wani uba ya taɓa kawo 'yarsa mai in'ina ya ce, "Malam, ka mayar mini da ita Ƙwaƙwalwa." Ka ce, "Wancan yaron ba shi da kowa a duniya. Taka tana da kai. Ka bar mini ita, mu bi a hankali."

Da za su farfaɗo da shirin, wannan karon da yarinya a matsayin Ƙwaƙwalwa, sun gayyace ka. Ka sa rigarka mai kyau ka je, ka roƙe su abu kaɗan: su ba sabuwar yarinyar uwa, su ba ta ƙawa, su bari ta yi kuskure a yafe mata. Suka tafa maka, suka yi hoto da kai. Na kalli shirin da ya fito. An sauya fenti ne kawai.

Yanzu masu gaisuwa suna shigowa suna cewa Allah Ya jiƙan Ƙwaƙwalwa. Wani har tambayar matarka ya yi ko rigar nan mai walƙiya tana nan, yana so ya gani. Na cije leɓe saboda ba wurin faɗa ba ne. Amma a nan zan faɗa: wancan yaron ba a haife shi ba balle ya mutu. Gobe ma za su maimaita shi. Mu mutum muka rasa.

Jiya na tarar da Umma zaune tana duban hannuwanta. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin talabijin ma. Ta ce, "Yanzu wa zai riƙa yanke mini farce?"

Allah Ya gafarta maka, Auta. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da ta yi jinyarka ba ƙorafi, da 'ya'yanka, Allah Ya raya su Ya albarkace su, da ɗalibanka. Umma kuwa, Allah Ya ba ta haƙurin da ni har yanzu ban samu ba.