Yaya a Cikin Haruffa

Ni ba ni da haƙurin a yi mini bayani sau biyu, tun a sakandare haka nake. Da na gama, Baba ya yarda na bar Pauwa na koma Ƙanƙara wurin yayata, in riƙa zuwa wani ɗan shagon koyon kwamfuta. Yaya ko shekara ba ta rufa da aure ba, kuma tana da ciki, na fari. Daga ni sai mijinta muka sani. A wurinmu cikin fari ba a faɗinsa, sai dai ya bayyana da kansa, ita kuwa Yaya kunyarta ta wuce ta kowa. Ko sunan abin ba ta iya kamawa. In aka ce surukarta, Hajiya, za ta zo daga Sheme, tun da safe take zumbula hijabi har ƙasa, ta ƙi cirewa komai zafi.

Ajinmu duk maza ne sai ni. Akwai wani Alhaji mai sayen hatsi a kasuwar Yankara, akwai ƙanin mijin Yaya, mai bakin tsiya, wanda bai taɓa wuce ta bai tsokane ta ba, sauran kuma samari ne.

Wata rana Malam ya ce duk abin da ke cikin na'ura, hoto ko murya, jerin sifili ne da ɗaya. Amma akwai hanyoyin aika saƙo da rubutu kaɗai suke ɗauka. To sai a yanyanka jerin shida-shida, kowane yanki a ba shi harafi ko lamba daga cikin alamomi sittin da huɗu, shi ke nan hoto ya koma rubutu. Ya juya ga allo zai ci gaba, na ce, "Malam, mun gane, a ba mu aikin kawai." Ya dube ni, ya ce to, kowa ya je ya mai da hoto ɗaya rubutu, ya tura guruf ɗin aji.

Ina isa gida na rubuta shirin da zai yi aikin a waya, 'yan layuka ne. Manyan hotuna suka riƙa maƙale mini wayar, sai na nemi wanda ya fi ƙanƙanta. Na Yaya ne. Na ɗauke ta a tsakar gida, kai a tsefe rabi, daga ita sai shimi da zani, tana shan rake, ciki ya turo gaba. Na danna. Haruffa suka zubo, manya da ƙanana da lambobi, ba kai ba gindi.

"Yaya, ga ki nan."

"Ina?"

"Duk wannan ke ce."

Ta ƙura ido. "To ina hancina?"

"Wajen nan, kusa da takwas ɗin nan."

Ta yi dariya har tana riƙe ƙugu, sannan ta ce, "Auta, ba dai mai gane ni ko?"

"Wa zai gane ki a wanga tarkace?"

Na tura. Ni ce ta farko, har ina jin daɗi. A raina haruffan nan mayafi ne. Ban tsaya na tambayi kaina ko ana iya mai da su yadda suke ba.

Washegari Malam ya ce jiya an katse shi, yau zai ƙarasa. Wannan dabara ba ɓoyewa take yi ba, sauya kama ce kawai, duk mai haruffan yana da hoton. Kowa ya ɗauki aikin wani daga guruf ya mayar. Nawa ne a sama, shi kowa ya kwafa.

Kwamfutar da ke gabana ce ta fara. Sai ta kusa da ita, sai ta can lungu. Duk inda na juya Yaya ce da rake a baki. Alhaji ya ce "Subhanallahi," ya mai da fuska bango. Wani saurayi ya ƙyalƙyale, ya haɗiye da kansa. Ƙanin mijin nan ya matsa kusa da gilashi.

"Kai! Wannan ai matarmu ce. A'a! Ashe mun kusa cin rago ba a gaya muna ba?"

Malam ya miƙa hannu ya zare wayar wuta daga bango. Sannan ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kansa sai da ya goge haruffan daga wayarsa. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na ji sauƙi.

A ƙofa na tare ƙanin mijin. "Don Allah kada ka faɗa wa Hajiya."

"Ke kin faɗa wa aji guda, ni uwata ce ba zan faɗa wa ba?"

Na tarar da Yaya tana tsince shinkafa. Ban iya kwana-kwana ba, a tsaye na gaya mata duka. Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Wa da wa?"

Na lissafa mata.

"Har Alhajin nan, sa'an Baba?"

"Ya juya baya."

"Ya fito? Abin?"

"Ya fito."

Ta ajiye faifai ta shige ɗaki, ta saki labule.

Hajiya ba ta jira an kira ta ba. Kashegari da hantsi sai ga ta, da ƙullin tsamiya da man shanu a kwalba, tun daga zaure take guɗa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yaya ta ƙi fitowa, ni aka bari da shimfiɗa tabarma da kawo ruwa. Hajiya ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ba don na'urarki ba da sai ranar suna za mu ji." Na durƙusa ina cewa amin, ina jin Yaya tana jan hanci a bayan labule.

Bayan Hajiya ta tafi na shiga da tuwo na ajiye mata. Tana zaune bakin gado cikin hijabi, alhali ba kowa a gidan sai ni. Na ce ta cire, ana zafi.

Ta ce, "Fita da wayarki tukuna."