Igiyar Kabar da Dudu Ta Maido

Shekara ashirin da biyu ke nan da Allah ya karɓi ran yayata Kulu a Dogon Dutsi. Da za ta ga ni Biba ce ke rubutu a jarida, da ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, domin da baki ta san ni. Sai da na aurar da ƴaƴana sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Tun da hannu ya iya, bari in faɗi abin da na gani.

Kulu mai daddawar batso ce. A shekarun da aka sami ƴancin kai mijinta ya rasu, ya bar ta da yara huɗu. Danginsa na wajen Matankari suka ce in ba ta iya ci da su, za su raba su a tsakaninsu. Ba mugunta suka nufa ba, amma Kulu ta rame a kan maganar. Abin da ta iya shi ne ta dafa ƴaƴan yakuwa, ta rufe su kwana biyu, ta daka, ta dunƙula. Ni ina gefenta a kasuwa da gishirina.

Matan gari dunƙule ɗaya ko biyu suke saye. Cinikin da ke riƙe gida na matan Fulani ne, masu saye da yawa gab da damina kafin su yi arewa da shanu. Babbarsu ita ce Dudu, inda ta tsuguna nan sauran ke tsugunawa.

Wata shekara da kaka Dudu ta dawo, ta kwance tsumma a kan tabarmar Kulu a gaban jama'a. Daddawa ce duk ta yi funfuna.

"Ga abinki," in ji ta. "Wata huɗu ina yawo da shi don ki gani da idonki."

Na miƙe. "Kin ci wadda kika ci, yanzu kin kawo muna shara?"

"Biba, sayar da gishirinki," in ji Kulu. Ta ɗauki ɗaya ta fasa, ta shinshina. "Dudu, a ina kuke aje ta?"

A jakar fata suke sa ta, a bayan takarkari, ruwa na dukansu. Kulu kuwa manya take yi kamar dunƙulen hannu, masu laushi a ciki, yadda matan gari ke so, su da ke cinyewa cikin mako guda. Ba ta taɓa tambayar inda kayanta ke kwana bayan sun bar tabarma ba. Dudu ta gyara zama, ta nuna mata yadda suke yanka nama siriri su rataya a kan hayaƙi idan tafiya ta yi nisa.

Da bazara Kulu ta yi ƙanana, fale-fale, ta huda tsakiyar kowace, ta shanya har suna ƙara in an kaɗa, ta zura su a igiyar kaba ta rataya bisa murhu. Dudu ta karɓi igiya ɗaya kawai, sauran matan ko kallo ba su yi ba. Wannan daminar ta yi mana tsawo. Ƙanen mijin Kulu ya zo sau biyu duba yara.

Da aka yanke gero sai ga Dudu da mata shida a bayanta. Ta jefa wa Kulu igiyar, babu komai a jikinta.

"Cika min," ta ce. Ta dube ni. "Ƙanwar nan taki har yanzu tana cizo?"

Maganar raba yara ba ta sake tashi ba. Daga nan Kulu ta ɗauki ɗabi'ar tambaya. Matan ma'aikatan da aka turo garin sun ce ƙuda na damunsu, ta soma rufe kayanta da faifai. Wata tsohuwa ta ce ruwan toka ya yi yawa, ta rage.

Ina tunanin me za ta ce da kasuwar yau. Dunƙulen kanti ya shiga kowace tukunya, komai a leda, kabu-kabu na kai wa har gida. Ba na jin wannan zai dame ta, ita ba mai kukan zamani ba ce. Abin da zai ɓata mata rai shi ne mai saye ya yi ƙorafi a ce masa ga hanya nan. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma haka na yi gishirina shekara da shekaru, kuma a tabarma ɗaya na fara, a ita na gama.

Bayan rasuwarta mun tarar da igiyar nan ta farko a ƙasan kwallarta, naɗe cikin tsumma. Ashe sabuwa ta cika wa Dudu, ta adana wannan. Autarta ce ke riƙe da sana'ar yanzu, har daga Ɗan Kassari ana aiko saye. Ba mai rataya daddawa a takarkari kuma, amma har gobe tana huda tsakiyar kowace ɗaya. Ƴan mata kan tambaye ta amfanin ramin. Ita a goye take ranar da Dudu ta kwance tsumman, don haka sai ta turo su wurina.