Hajo da Sumuni Shida

A Soron Ɗinki, idan ƙamshin alkaki ya biyo lungu da hantsi, kowa ya san Hajo ta ɗora kasko. Tun tana amarya take wannan sana'a, har furfura ta sauka mata a ka fari fat kamar auduga. Alƙur'ani kuwa a gaban mahaifinta ta sauke shi, shi ya sa duk gidan da mata za su yi sauka, ita ake kira ta raba wa kowa nata karatun.

Boko ne bai riske ta ba sai da tsufa. Ita da 'Yardada, aminiyarta tun suna wasan ƙasa, suka shiga ajin manya a Shahuci. Karatu ya karɓe ta, lissafi ya ƙi. Duk sanda Malama Sa'ida ta rubuta ɗaya bisa biyu a tara da ɗaya bisa huɗu, sai Hajo ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta ce biyu bisa shida.

"Hajiya, kin ƙara wa rabi kwata, kuma ya dawo bai kai rabi ba?"

"Haka nama yake, Malama. In ya ji wuta sai ya tsuke."

Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta dara. Amma jarrabawa ta matso. In ta faɗi, 'Yardada za ta wuce aji na gaba ta bar ta.

Ranar wata Juma'a aka yi sauka a gidan maƙwabcinsu, Malam Ɗalha. Da aka gama rabo, rabin izu ya rage, Hajo ta ɗauka. Can jaririn wata mata ya tsala kuka, uwar ta tashi ta bar rubu'i, Hajo ta haɗa da shi.

"Uwar zari," in ji 'Yardada a kunnenta, "nawa kika ƙara kenan?"

"Izu sumuni takwas ne. Rabi huɗu, rubu'i biyu, shida kenan."

Sai yatsan Hajo ya tsaya a kan layi, idonta ya buɗe.

"'Yardada! Ashe sai an mayar da su duka sumuni kafin a tara!"

"Rufa mana asiri, ana karatu!"

Ranar jarrabawa, da aka kawo ɗaya bisa biyu a tara da ɗaya bisa huɗu, Hajo ta rubuta shida bisa takwas, ta danna fensir har ya huda takardar. Malama ta ce uku bisa huɗu aka fi so, amma duk ɗaya ne, ta ci.

Da aka koma makaranta, Hajo ta riga kowa shiga sabon aji, ta shimfiɗa gefen mayafinta a kan benci ta kama wa 'Yardada wuri.

"Wayyo ni," in ji 'Yardada tana zama, "na ɗauka bana zan huta da ke. Matsa, kin cinye min wuri."